Maida: tambayoyi da amsoshi kan farar fulawar Indiya da maƙwabtanta, daga madafa zuwa kasuwar sari

Shekara uku na zauna a Delhi lokacin da maigidana yake karatu, kuma a madafar wata dattijuwa maƙwabciyarmu 'yar Punjab na fara sa hannu a kwaɓin maida. Tun da na dawo Kano na kama koyar da kayan maƙulashe, tambayoyin nan ba sa yankewa. Wasu daga mata masu sana'a suke zuwa, wasu daga ɗalibai da masu rakiyar marasa lafiya zuwa Indiya, wasu kuma daga Alhazan kasuwa da ke tunanin ko akwai riba a harkar. Na tara waɗanda suka fi maimaituwa, na fara da na madafa, na ƙare da na kasuwa.

1. Anti, wai mene ne maida da muke ta gani a girke-girken Indiya?

Farar fulawar alkama ce wadda aka cire wa dusa. Ƙwayar alkama kashi uku gare ta. Akwai ɓawon waje da ke zama dusa, wajen kashi 14 cikin ɗari na nauyinta. Akwai ɗan idon da tsiro ke fitowa daga cikinsa, wanda bai kai kashi 3 ba, amma a nan man alkamar yake. Sauran, wajen kashi 83, shi ne farin tsakiya mai sitaci. Wannan farin tsakiyar kaɗai ake niƙewa lilis a tankaɗe, shi ne maida.

Kalmar daga Farisanci ta shigo. A Indiya da Pakistan da Nepal maida ake cewa, mutanen Bengal da Bangladesh kuma su ce moyda.

2. Ke nan ita ce fulawarmu ta buhu? Ko sai na nemi ta Indiya?

Ita ce, kuma ba sai kin nemi ta Indiya ba. Na sha ganin mata suna kashe kuɗi mai yawa a kan ɗan ƙunshin kilo ɗaya a kantin kayan waje, alhali buhun da ke sitonsu zai yi aikin. Wannan yana damuna, domin kuɗin jarin sana'a ne.

Bambancin da ke akwai na ƙarfin danƙo ne. Fulawar da kamfanoninmu ke niƙawa daga alkamar da ake shigowa da ita daga ƙasashe irin su Amurka da Kanada da Rasha take, kuma masu gidan burodi ake dubawa wajen haɗa ta, don haka danƙonta ya fi ƙarfi. Maidar da ake sayarwa a kantunan unguwa a Indiya ta fi laushi. Ga abin da ake son ya ja ya miƙe, irin su gurasarsu ta naan da parotta, tamu ta ma fi. Ga abin da ake son ya yi ƙaras-ƙaras ya narke a baki, sai ki rage mata ƙarfi: a kowane kofi ki ɗebe cokali ɗaya ko biyu ki mayar da kon fulawa. Bayanin gwada danƙo da hannu yana tambaya ta 15.

3. Mene ne bambancin maida da atta da suji da besan?

Wanda zai zauna can dole ya riƙe waɗannan sunaye, in ba haka ba zai riƙa dawowa gida da abin da bai aika ba. Atta garin alkama ne da dusarsa da komai, wanda ake niƙawa tsakanin duwatsu biyu a injin da suke kira chakki. Launinsa ya ɗan yi ja, kamar garin da muke kaiwa inji don alkubus ko fankasau, sai dai nasu ya fi laushi. Suji, ko rava a kudu, tsakin farin tsakiyar alkama ne, ɗan'uwan samo ɗinmu. Dalia ɓarjajjiyar alkama ce mai manyan tsaki. Besan kuwa ba alkama ba ne sam, garin wani wake ne da suke kira chana, da shi ake yin pakora.

A Pakistan akwai wani gari da ke tsakanin atta da maida, wanda masu gashin naan ke yawan haɗawa da maida. A kasuwa fain suke ce masa.

4. Ta yaya ake niƙa ta har ta yi fari haka?

Ba da dutse ba. Manyan kamfanonin niƙa suna amfani da ƙarafa masu juyawa bibbiyu. Ana tsabtace alkamar, a yayyafa mata ruwa a bar ta ta yi wasu awanni, don ɓawon ya yi yauƙi ya fita fale-fale maimakon ya dagargaje cikin gari. Ƙarafan farko masu haƙora ne, su fasa ƙwayar. Daga nan a tankaɗe, a sa iska ta ɗauke dusa, a tura tsakin zuwa ƙarafa masu santsi su niƙe shi, a sake tankaɗewa, haka sau da yawa.

Abin da ya kamata ɗan kasuwa ya gane a nan shi ne kamfani ba maida kaɗai yake fitarwa daga alkamar ba. Daga niƙa ɗaya ake samun maida da suji da wani kason atta da dusa, wadda suke kira chokar, masu kiwon shanun madara ke saye. Idan dusa ta yi daraja, kamfani yana iya sassauta kuɗin maida. Idan dusa ta faɗi, a kan maida ake fanshewa.

5. Waɗanne abinci ake yi da maida? Na ɗauka duk gurasarsu da ita ake yi.

A'a, kuma nan ne mutane da yawa suke kuskure. Abin da mutumin Punjab ko Uttar Pradesh ko Sindh yake ci safe da dare a gidansa, wato roti ko chapati, da atta ake yi. Dattijuwar da ta koya mini takan murza atta sau biyu kowace rana, amma gwangwanin maidarta sai ya yi mako biyu ba ta buɗe ba. Maida ta gidan abinci ce, da bakin titi, da biki, da ranar baƙi.

A arewa akwai naan, da kulcha wadda Amritsar ta yi suna da ita, da bhatura mai kumbura kamar balan-balan da ake ci da miyar chana a Delhi, da rumali roti wadda ake murzawa har ta yi sirara kamar hankici, daga nan ma sunan ya fito. A Lucknow akwai sheermal mai madara da saffaron. A tsohon birnin Dhaka akwai bakarkhani. Mutanen Bengal suna soya luchi fara tas, ba sa bari ta yi ja. A Mumbai ɗan burodin pav da ake cusa wa soyayyen dankali, sunansa daga Turawan Fotugal aka gada. A Kathmandu fatar momo da maida ake yi. Sai kayan soye-soye: samosa, wadda a Bengal ake kira singara, da kachori, da mathri, da namak para wanda idan kika gan shi za ki ce cincin ɗin gishiri ne.

Ta ɓangaren zaƙi akwai jalebi da balushahi da khaja da biskit ɗin nankhatai. Gulab jamun kuwa mafi yawansa daskararriyar madara ce, maida kaɗan ake sawa don ta riƙe shi, kuma wadda ta cika masa fulawa za ta samu tsakiya mai tauri. Da ƙaramar Sallah, siririyar taliyar da ake dafawa da madara, seviyan a Pakistan, semai a Bangladesh, ita ma daga maida ko suji take.

6. Naan da gurasarmu ta Kano, akwai dangantaka?

Akwai, a tanderu ma kaɗai za ki gani. Tandur ɗinsu da tanderunmu da tannur na Larabawa duk asalin kalma ɗaya ne, kuma aikin ɗaya ne: tukunyar ƙasa mai zafi, a manna kwaɓi a jikin bangonta. Ranar da na fara tsayawa gaban mai naan a bayan babban masallacin Juma'a na tsohuwar Delhi, na ga ya shimfiɗa kwaɓin a kan ɗan matashi ya zura hannu ya manna, sai matan Jakara suka faɗo mini a rai.

Kwaɓin naan ya fi na gurasa tauri, ana sa masa kindirmo da ɗan mai, wani lokaci madara. In ba ki da tanderu, ki shafa ruwa a bayan naan ɗin, ki manna shi a kaskon ƙarfe wanda abu ke kamawa a jikinsa, in ya fara kumfa ki kifa kaskon a kan harshen wuta. Kasko mai santsi ba zai riƙe shi ba.

7. Me ya sa samosata ke yin laushi, ko ta fito da ƙuraje a jiki?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace yawa. Mu a nan mun saba da samosa mai siririyar fata da ake yi da ruwan ƙullu a kasko. Ta Punjab daban ce, fatarta mai kauri ce mai ƙaras, kuma sirrinta abin da suke kira moyan, wato murje mai cikin busasshiyar fulawa kafin ruwa ya taɓa ta. Ga kofi biyu na fulawa, cokali huɗu na mai ko man shanu, da gishiri, da ɗan ajwain, wasu 'ya'yan kayan ƙamshi nasu, in akwai. Ki yi ta murzawa tsakanin tafukanki na minti uku ko huɗu. Dattijuwata takan damƙi fulawar a hannu ta buɗe. In ta tsaya dunƙule da shatin yatsu, man ya isa. In ta warwatse, a ƙara. Man yana lulluɓe garin ne ya hana danƙo tashi.

Sannan ruwa kaɗan-kaɗan, ƙasa da rabin kofi, har kwaɓin ya yi tauri. Kada ki cuɗa shi kamar na burodi. Ki rufe da jiƙaƙƙen tsumma ya huta rabin awa. Ƙuraje daga abu biyu suke zuwa, ruwa ya yi yawa ko mai ya yi zafi. Samosa a mai mai ɗumi ake jefa ta, inda ƙananan kumfa ne kawai ke tasowa a hankali, ta yi minti goma zuwa sha biyar kafin a ɗan ƙara wuta. Wadda aka soya da gaggawa za ta yi ja a waje, bayan awa ɗaya ta saki.

Abincin ya daɗe a can. Ibn Battuta, wanda daga baya ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, ya ba da labarin sambusak mai nama da ake kawowa a fadar Sarkin Delhi Muhammad bin Tughluq a ƙarni na 14.

8. Paratha da parotta abu ɗaya ne?

Ba ɗaya ba ne. Paratha ta arewa yawanci da atta ake yi, a cusa mata dankali ko farin kabeji. Parotta ta Kerala da Tamil Nadu maida ce zalla, kuma aikinta kishiyar na samosa ne. A nan danƙon ake nema. Ana kwaɓawa da laushi, a cuɗa sosai, a shafe da mai a bari ya huta awa biyu ko fiye, a yanka curi-curi a sake hutar da su. Sai a riƙa kaɗa kowane curi a kan tebur har ya yi sirara ana hango hannu ta cikinsa, a tattare shi kamar mafici, a naɗe kamar gammo, a danne a gasa. Da an sauke, a tara uku ko huɗu a tafa su daga gefe da hannu biyu, sai sala-salan su buɗe.

In kwaɓinki yana tsinkewa ko yana komawa baya, hutu ne bai ishe shi ba. A Siri Lanka irin wannan gurasar ake daddatsawa da ƙarafa biyu a kan faranti mai zafi tare da ƙwai da ganye da nama, shi ne kottu.

9. Jalebi da bhatura fa, yis ake sawa?

A asali ba a sa. Ƙullun jalebi ana dama shi da ruwa da ɗan kindirmo a bar shi ya kwana ya yi tsami, kamar yadda muke yi wa ƙullun waina, kuma ɗan tsamin nan ne ke hana zaƙin ya gundure ki. Ruwan sukarin ya kai inda in kika taɓa tsakanin yatsu biyu zai ja zare ɗaya. Bhatura kindirmo da ɗan bakin hoda da cokalin suji ake sa mata, ta huta awa biyu, a jefa a mai mai zafi sosai ana danna ta da mataci har ta kumbura. Ki lura zafin man nan akasin na tambaya ta 7 ne.

10. Kudancin Indiya da Siri Lanka ƙasar shinkafa ce. Ya aka yi maida ta shige su haka?

Ƙarancin abinci ne ya buɗe mata ƙofa. A 1942 Japan ta mamaye Burma, inda shinkafa mai yawa ke fitowa zuwa kudancin Indiya da Siri Lanka, hukumomi suka koma tura wa mutane alkama da fulawa. Bayan yaƙi, a ƙarƙashin dokar tallafin abinci da Amurka ta yi a 1954, jiragen alkama suka yi ta sauka a yankin har cikin shekarun 1960. Mutanen da ba su gaji murza roti ba sun fi karɓar alkama a siffar burodi da parotta.

A 1966 Indiya ta shigo da tan 18,000 na irin alkama mai gajeren kara daga Meziko, aikin Norman Borlaug da masana irin su M. S. Swaminathan, noman ya bunƙasa a Punjab da Haryana. Har yau kudu ba ta noma alkama sosai, jiragen ƙasa da manyan motoci ke kai ta daga arewa zuwa kamfanonin niƙa na can.

11. Gaskiya ne tana manne wa mutum a hanji?

Ba ta mannewa. A Indiya ma ana yawan faɗin haka, saboda an ga yadda take kama hannu wajen kwaɓi. Dafaffiyar fulawa narkewa take yi da sauri, kuma saurin ne ma matsalar, domin sukarin jini yana tashi da wuri, yunwa ta dawo da wuri. A giram 100 na farar fulawa faiba, wato ɓangaren abinci da ba ya narkewa mai sauƙaƙa bayan gida, ba ta kai giram 3 ba, ta garin alkama mai dusa kuwa ta haura 10. Wanda ya mayar da ita abincin kullum, ba ganye ba wake, zai iya fama da taurin bayan gida.

Ina roƙon masu rakiyar marasa lafiya su kula da wannan. Mai ciwon suga da aka kai asibiti can, in an shiga gidan abinci a nema masa roti na atta maimakon naan, sannan a bi abin da likitansa ya tsara. Masu cutar da jikinsu ba ya karɓar danƙon alkama kuwa, atta da suji da maida duk ɗaya ne a wurinsu.

12. Ana sa mata sinadarin da ke sa ta fari?

Sabuwar fulawa tana da ɗan launin rawaya, in ta yi makonni iska kan sa ta yi fari da kanta. Wasu kamfanoni ba sa jira, sai su sa sinadarin benzoyil feroksaid, wanda dokar Indiya ta yarda da shi a ƙayyadadden ma'auni. Akwai kuma bromet da ake sawa don burodi ya tashi. Hukumar kula da ingancin abinci ta Indiya, FSSAI, ta hana shi a 2016, bayan wani bincike ya gano shi a burodin Delhi. NAFDAC ta riga su hanawa tun farkon shekarun 2000.

Ni dai ba na sayen fulawa don farinta. Fari ƙal ba shaidar kyau ba ne, ki duba tambaya ta 15.

13. Hajiya, mu koma kasuwa. Me ke ɗaga farashinta, me ke sauke shi?

Ranka ya daɗe, farashin maida bin na alkama yake, na alkama kuma a hannun yanayi da gwamnati yake. Indiya ce ta biyu a noman alkama a duniya bayan Sin, tana girbe sama da tan miliyan 100 a shekara, mafi yawa daga Uttar Pradesh da Madhya Pradesh da Punjab da Haryana da Rajasthan. Noman hunturu ne, kamar namu na Kadawa da Haɗeja: a shuka a Nuwamba, a girbe a Maris da Afrilu. Kaya ya fi araha daga Afrilu zuwa Yuni, ya fi tsada daga Disamba zuwa Fabrairu.

Kowace shekara gwamnati tana yanka mafi ƙarancin farashin da za ta saya daga manoma. A kakar 2024 rufi 2,275 ne kowane kwintal, wato kilo 100, a ta 2025 ya koma 2,425. Hukumar ajiyar abinci ta FCI, wadda aka kafa a 1965, ita ke tarawa, kuma in farashi ya hau sai ta buɗe rumbu ta yi wa kamfanonin niƙa gwanjo. A 2022 zafi ya sauko da wuri a watan Maris ya motsar da ƙwayar, abin da gwamnati ta saya ya faɗo daga wajen tan miliyan 43 zuwa ƙasa da 19. A Yunin 2023 har aka ƙayyade yawan alkamar da ɗan sari zai iya ajiyewa.

Ta ɓangaren masu saye, buƙata tana tashi gab da Diwali, babban bikin Hindu, da lokacin bukukuwan aure, da kuma azumi, inda a Karachi da Lahore da Dhaka ba a buɗa baki ba tare da samosa da jalebi ba. Amma manyan masu ɗauka duk shekara kamfanonin biskit ne da burodi da taliya.

14. Ta hannun wa kaya ke bi, kuma da wane ma'auni ake ciniki?

Manomi ya kai alkama kasuwar hatsi, wadda suke kira mandi. A can akwai dillalai da ake kira arhtiya, masu karɓar la'ada, su ne kuma ke ba manoma bashi, tsarin da duk wanda ya san Dawanau zai gane. Kamfani ya saya ya niƙa, ya ba dilolinsa, su kuma su ba 'yan sari, daga nan zuwa masu burodi da masu kayan zaƙi da kantunan unguwa. Bashi na kwanaki ne ke tafiyar da yawancin cinikin. Manyan wuraren sari sun haɗa da Naya Bazar da titin Lawrence a Delhi, Vashi a gefen Mumbai, Jodia Bazar a Karachi, Akbari Mandi a Lahore, Moulvibazar a Dhaka, Khatunganj a Chattogram, da Pettah a Kolombo.

Buhun sari kilo 50 ne. A Indiya da kwintal ake faɗin farashi, a Pakistan da maund mai kilo 40. Kafin ka kwatanta farashi biyu, ka tabbata ma'auni ɗaya ake magana a kai, ka kuma tambaya ko a ƙofar kamfani ne ko har da kuɗin mota. A Yulin 2022 Indiya ta sa harajin kashi 5 a kan garin da aka ƙunshe aka liƙa masa takardar bayani a kilo 25 zuwa ƙasa, wanda ya haura haka kuma babu, shi ya sa aka fara ganin buhuna masu kilo 26 da 30.

Bangladesh tana noma wajen tan miliyan ɗaya ne kawai, ta shigo da ninki biyar ko shida na hakan, don haka farashinta ya fi bin dala da kasuwar Rasha da Yukren da Kanada. Siri Lanka ba ta noma alkama, kamfanoni biyu ne ke niƙa mafi yawan fulawarta, Prima a Trincomalee da Serendib a Kolombo.

15. Ta yaya zan gane mai kyau kafin in biya?

A takardar gwajin kamfani abu uku za ka fara dubawa. Danshi kada ya haura kashi 14, in ya haura ruwa kake saye kuma kayan ba zai jima ba. Sai toka, wato abin da ya rage bayan an ƙone samfur. Ƙarancinta na nuna dusa ba ta shiga ba. Sai danƙo, wanda dokar Indiya ta ce busasshensa kada ya gaza kashi 7.5 a maida. Kamfanoni suna fitar da ita aji-aji: ta biskit mai rauni, ta burodi mai ƙarfi, ta parotta mai miƙewa, ta tandur. Ka faɗi abin da za a yi da ita tun kafin a yi maganar kuɗi.

Gwajin hannu kowa zai iya. Ka auna giram 100, ka kwaɓa da ruwa wajen cokali huɗu ya zama curi, ka nutsa shi a ruwa na rabin awa. Sai ka yi ta matsa shi a hankali cikin ruwa kana sauyawa, har farin ya daina fita. Abin da ya rage a hannunka kamar cingam shi ne danƙon, amma jiƙaƙƙe, shi ya sa ya fi na takardar nauyi. In ya kusa giram 30 kuma yana miƙewa ba ya tsinkewa, ta burodi da parotta ce. In ya tsaya wajen 22 zuwa 24, ta biskit da samosa ce. Sannan ka shinshina, ka ɗanɗana. Mai kyau ba ta da warin tsami ko ɗaci, ba ta yin ƙasa-ƙasa a haƙori.

16. Zan iya ɗauko kwantena daga Indiya ko Pakistan in kawo Kano ko Maraɗi?

Shawarata, Alhaji, ka yi lissafi sau biyu. A ranar 13 ga Mayun 2022 Indiya ta hana fitar da alkama, a watan Agusta na shekarar ta haɗa da atta da maida da suji. Abin da aka riƙa gani a waje da sunan kamfanonin Indiya bayan nan, wani an niƙa shi ne daga alkamar da aka shigar can don a sake fitarwa, wani kuma a wata ƙasa kamar Daular Larabawa. Irin wannan doka da sanarwa ɗaya ake sauya ta, don haka ka nemi mai sayarwa ya nuna maka izinin fitarwa na wannan kayan kafin ka ba da kafin alƙalami. Pakistan ma ba ta cika samun rara ba. Bayan ambaliyar 2022 gari ya yi tsadar da a azumin 2023 mutane suka rasa rayukansu a turmutsitsin rabon gari kyauta.

Ta namu ɓangaren, Najeriya tana sa haraji mai nauyi a kan fulawar waje don kare kamfanonin cikin gida, ga rajistar NAFDAC, ga dokar da tun 2002 ta wajabta ƙara bitamin A a fulawa. Kwantena mai ƙafa 20 tana ɗaukar wajen tan 24, ta yi wata guda ko fiye a teku, ta jira kwastan, ta hau mota zuwa arewa, alhali kwanan kayan yana ta ƙarewa. Na Nijar kuma sai ya ƙara da doguwar hanya daga tashar ruwa ta wata ƙasa. Wanda fulawar waje yake so ko ta halin ƙaƙa, Turkiyya ce kan gaba a duniya wajen fitar da ita. In kasuwar Indiyawa mazauna Legas da Kano kake hange, atta da besan da kayan ƙamshi sun fi maida dalili, tunda ita akwai madadinta a Singa.

17. Wata nawa take yi a ajiye, kuma ya zan kare ta?

Ta fi atta jimawa, saboda an cire idon da ke da mai, wanda shi ke fara wari. Atta a zafinmu wata biyu zuwa uku ne, farar fulawa takan kai wata huɗu zuwa shida in wurin a bushe yake. Da damina ki rage wannan lissafin.

Wata damina na sari buhu biyar don aikin biki. Na sama lafiya lau, amma da muka kai ƙasan na huɗu sai muka tarar ya dunƙule kamar siminti, da ɗigo-ɗigon fumfuna da wani wari mai tsami. A kan dandaɓe aka jibge su a siton da na saya. Tun daga ranar nake sa a juya mini buhu in laluba ƙasansa da kusurwoyinsa, in karanta ranar niƙa da kaina. A naki siton, ki ɗora buhu a kan katako, ki bar tazarar taki ɗaya tsakaninsa da bango, kada tsayin jibgin ya wuce buhu goma, wanda ya fara shigowa shi zai fara fita. Ki raba shi da sabulu da kananzir da daddawa, domin fulawa tana zuƙar wari. Ta amfanin gida ki juye a bokiti mai murfi. Matan Indiya sukan jefa ganyen bay ko busasshen ganyen darbejiya a ciki saboda ƙwari, in kuma kina da firiza, kwana huɗu a ciki yana kashe ƙwan da ya biyo garin daga kamfani.